Takalmin Hagu

Kububuwa ce ta fara awo.
A gonar gyaɗa, bayan dutsen Kaltungo,
ta sa alama kusa da idon sawu,
likita ya ƙarasa, taƙi guda ƙasa da gwiwa.

Wata biyar ina naɗe dungu da bandeji
kamar mai renon jinjirin da ba ya kuka.
Suka ce sai kumburi ya saɓe,
sai ya huce fushinsa, sannan a je Gombe.

Bappayo mai haɗa ƙafafu
gajere ne, da farin gari a girarsa.
Bai ce mini sannu ba. Durƙusawa ya yi,
ya tallabi dungun da hannu biyu,
abin da ko ƙanena ba ya iya kallo,
ya laluba shi kamar mai sayen doya.
Nan da zafi? Nan fa?
Inda ƙashi ya turo ya zana da fensir mai shuni,
inda tsoka ta taru ya ce, nan ne zai ɗauke ka.

Ya jiƙa filasta a roba,
ya naɗa, ya shafe, ya sake shafewa,
ya danna manyan yatsu ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa,
ya riƙe. Muka yi shiru.
Abin ya ɗau ɗumi kamar tuwon da aka kwashe yanzu.
Da ya zare, sai ga rashina a hannunsa,
fari, da rami,
zanen shunin ya bi shi ciki.

Ka dawo Laraba ta sama, in ji shi,
ka zo da takalma, duka biyun,
da tsayin dunduniya nake saiti.
Na ce ɗayan ai ya daɗe da bin ƙafar.

Yelwa ba ta tanka ba da na faɗa mata.
Akwatin ƙarfe ta jawo,
can ƙasan zannuwa ta zaro shi a leda.
Na jera su a bakin ƙofa:
tagwaye ne, amma na dama shi kaɗai ya tsufa.

Laraba na tarar da ita jingine da bango,
kube na roba, bututun ƙarfe,
tafi mai yatsu biyar da ba su taɓa tuntuɓe ba.
Safa ɗaya, safa biyu, kada ta tattare.
Zura. Tura har ƙasa.
Ya ɗaure maɗauri bisa gwiwa,
ya ce tashi.

Na tashi.
Ƙasa ta amso daga gefen da ta daina yi mini magana.

Tsakanin ƙarafa biyu na tafi wajen madubi,
shi yana tsugune yana kallon ƙuguna.
Ya saki zare mai dalma, ya girgiza kai,
ya juya kusa, rabin juyi,
kamar mai gyaran sitiyarin keke.
Sake tafiya. Daina kallon ƙasa, ba ta gudu.
Ya cire, ya duba fatar,
inda ta yi ja ya bi da magagari a cikin kuben.
Sau huɗu. Har la'asar ta kusa.

Na ce masa, babban yatsan da ke kabari
har yanzu yana yi mini ƙaiƙayi da dare.
Ya ce, to yanzu ka sami inda za ka sosa.

A motar komawa wani yaro ya taka ni,
ya ce Baba yi haƙuri, na taka maka ƙafa.
Sai da muka wuce Kumo ina murmushi.

Damina na nan tafe, iri na rumbu.
In kun ga kububuwa ku gaya mata
ta zo ta bangaren hagu.